Minti Bakwai na Oga Bello

A Lugbe, in ka tambayi gidan Bello, za a ce maka wane Bellon. Amma ka ce Oga Bello Darakta, ko baƙon da ya tare jiya zai nuna maka lungun. Daraktan nan ba gwamnati ce ta ba shi ba. Masinja ya yi a wata ma'aikata, kuma yana masinjan ya yi ritaya. Shi ya naɗa kansa a teburin mai shayi, ba kuma wanda ya ja, don an gane ja da shi ba ya jawo komai sai hucewar shayi.

Labarinsa ɗaya ne kullum. Wai shekarar da aka ɗauko gwamnati daga Legas aka kawo Abuja, shi ya tsara tafiyar.

"Tirela arba'in," in ji shi. "Ni na ce wannan ta tashi ƙarfe kaza, waccan ta jira ta a Lokoja. Ko fayil ɗaya bai makara ba."

Ɗangoggo mahauci, abokin tsokanarsa, ya ce shi dai abin da ya ji, a bayan tirela aka ɗora Bello a kan fayilolin don kada iska ta kwashe su.

"To wa ya tsara a ɗora ni?" in ji Bello.

Da aka fara jirgin ƙasa a Abuja, sai Bello ya samu sabon fage. Ya ce matsalar ƙasar nan duka a Idu take, inda jirgin cikin gari ke haɗuwa da jirgin Kaduna. Ya ce ana ɓata wa mutane lokaci a banza, minti bakwai sun ishi kowane mai hankali ya sauka daga wannan ya hau wancan. Har wasiƙa ya rubuta wa hukuma, shafi uku, yana jiran ya samu hujja ya kai. Jirgin kuwa sau biyu ya taɓa ganinsa, duka daga kan gada.

Hujja ta zo har gida. Hafizu, ƙanen matarsa Batulu, zai auri wata yarinya Rahmatu a Kaduna. Uban yarinyar, Alhaji Manniru, tsohon hedimasta ne, mutumin da ya yi shekara talatin yana tsaye a bakin get da agogo a hannu. Ranar sa rana dangin Hafizu sun makara da awa biyu, ya bar su a zaure har la'asar. Da ya fito ya ce, "Ɗaurin aure Asabar, ƙarfe ɗaya. Ɗaya da minti ɗaya liman ya tashi, ni ma na tashi, kuma ba na sa rana sau biyu."

Tun daga ranar Hafizu ya rame.

Ana saura kwana uku aka taru a tsakar gidan Bello. Ya fito da wani faffaɗan kwalin taliya da ya farke, ya ja masa layuka da jan biro, ya jingina shi da randa.

"Mutum goma sha shida," ya ce. "Daga nan mu je tashar filin jirgin sama a tasi. Mu hau jirgin cikin gari zuwa Idu. Mu sauka, mu hau na Kaduna, tara da minti arba'in da biyar. Sha biyu da kwata muna tashar Rigasa a Kaduna. Har ango ya samu lokacin gyara hula."

James, maƙwabcinsu mai bas ɗin haya, ya ɗaga hannu. "Oga Bello, me ya sa ba za ku shiga motana duka ba? Idu ne fa. Minti talatin na sauke ku."

"Tawagar ango a bas?" Bello ya dube shi sama da ƙasa. "Mu da Allah ya ba jirgi biyu? James, wannan kwanekshan ne, daga jirgi sai jirgi. Ba fanninka ba ne."

"Yaya," in ji Hafizu a hankali, "don Allah mu hau na farko, na takwas da minti goma. Gara mu jira a can."

Bello ya yi tsaki, amma da Batulu ta ajiye ludayin hannunta ta zuba masa ido, sai ya ce to, saboda rauni irin na ango.

"In kuma an samu matsala fa, Baban Khairat?" ta ce.

"Na riga na toshe." Ya juya wajen Ɗangoggo. "Kai za ka riga mu. James ya kai ka Idu da goron ɗaurin aure. Ka shiga jirgin da wuri, ka ɗora ƙullin goro a kowace kujera tamu, na rubuta sunan kowa a jiki. Ka je ka gai da direba, ka ba shi goro biyar manya, ka ce akwai mutane suna tafe. In ka ga yana neman tashi, ka sa ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje."

"Darakta, jirgi ne fa, ba motar Zuba ba."

"Direba direba ne. Ka taɓa ganin an ja mota da kayan mutum a kujera, mai kayan bai zo ba?"

Gaskiya dai Ɗangoggo bai taɓa gani ba.

Akwai kuma wata dabara. Ya kamata a bar Lugbe bakwai da rabi. Bello ya san mutanensa, in ka ce bakwai da rabi, takwas da rabi za su zo. Saboda haka ya sanar wa kowa shida da rabi. Dabarar ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya kasa riƙe ta a ciki. Washegari a wurin mai shayi ya bayyana ta dalla-dalla, ya maimaita wa waɗanda suka zo daga baya. Kafin azahar duk unguwa ta san shida da rabin Darakta bakwai da rabi ne.

Ranar Asabar, shida da rabi, Bello da Hafizu kaɗai ne a ƙofar gida. Bakwai da rabi, su ne dai, sai akuyar maƙwabta. Takwas saura aka fara ɓullowa ɗaya-ɗaya, ana ƙamshin turare. Baba Yamusa, kawun Hafizu, wanda shi ne wakilin ango, sai takwas da minti ashirin ya iso, yana dogara sanda yana sakace.

"Baba, shida da rabi na ce!"

"An gaya mini bakwai da rabi kake nufi."

"To ai bakwai da rabin ma ta wuce!"

"Ka gan ni kuwa," in ji Baba Yamusa.

Jirgin farko ya tafi abinsa. Hafizu ya zauna a kan dakali ya riƙe kai. Bello ko a jikinsa. Ya juya kwalin nan, sai ga wasu layukan a bayansa.

"Tsari na biyu. Dama shi nake so. Jirgi na gaba yana isa Idu tara da minti talatin da takwas. Minti bakwai cif. Sauka, minti ɗaya. Tafiya, biyu. Nuna tikiti, ɗaya. Hawa, ɗaya. Biyu rara. Jama'a, har da rara!"

A cikin jirgin cikin gari Bello bai zauna ba. Ya jera mutanensa a bakin ƙofa tun kafin a bar tasha, maza gaba, mata baya, Baba Yamusa a tsakiya. Ya koya musu yadda za su fita, ya sa suka gwada sau biyu, sauran fasinjoji na kallo. Wata mata ta tambayi Batulu ko 'yan wasan kwaikwayo ne. Batulu ta ce ita ba ta san su ba.

Jirgin ya tsaya a Idu daidai lokacin da aka rubuta. Bello ya ɗaga kwali ya yi ihu, "Bismillah! Minti ɗaya!" Aka fito a guje, manyan riguna na tashi. Sauka ta ci rabin minti kawai. Bello ya ji kamar ya yi kuka don daɗi.

A kan matakala ne Baba Yamusa ya ja birki.

"La ilaha illallahu! Malam Nuraddeen? Kai ne?"

Wani dattijo mai farin gemu da ke hawowa ya tsaya, ya saki jakarsa. Ashe ɗan garinsu ne, rabon su da juna shekara ashirin. Aka rungume. Mata suka zube a kan matakala gaba ɗaya, suka tare hanya.

"Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya mutanen gida? Yaya ƙafar nan taka?"

"Baba," in ji Bello, "minti biyu."

"Ina Hajiya Babba?" in ji Baba Yamusa.

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ai Hajiya ta rasu. Shekara uku ke nan."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba wanda ya gaya mini! Jama'a, a yi mata addu'a."

To, wa zai ce a'a? Kowa ya ɗaga hannu. Bello ma ya ɗaga, kwali a hammata, ya karkato da tsintsiyar hannunsa yadda zai riƙa ganin agogo. Baba Yamusa kuwa ba ya addu'ar gaggawa. Ya roƙa wa Hajiya, ya roƙa wa iyayenta, ya gangaro kan malamanta. Bello yana ta jefa "amin, amin, amin" tun kafin a kai ƙarshen kowace gaɓa, ko Allah zai sa tsohon ya gane. Tsohon ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake yi, ya haɗa da dukkan musulmin da suka riga mu.

Da aka shafa, saura minti ɗaya da rabi.

Suka iso ƙofar shiga jirgin Kaduna suna haki. Ƙofa a rufe. Wata ma'aikaciya na tsaye, an rubuta Clara a ƙirjin rigarta.

"Madam, buɗe, buɗe! Tawagar ango!"

"Sannu, Oga. An rufe shiga tun ɗazu. Yana rubuce a tikitinku, a zo da wuri."

"Muna da mutum a ciki."

"To Allah ya kai shi lafiya."

"Ba ki gane ba. Kayanmu na kan kujeru. An gai da direba. Ni ne Darakta Bello."

"Daraktan ina, Oga?"

Bello ya buɗe baki, sai jirgin ya amsa a madadinsa da wata doguwar ƙara. Ta cikin gilashi suka ga taragai suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, a natse, ba ko waiwaye. Wayar Bello ta yi ƙara. Ɗangoggo ne.

"Darakta, muna tafiya fa."

"Ƙafar fa? Na ce ka sa ƙafa!"

"Na sa. Wani mai kaki ya ce in zaɓa, ciki ko waje. Na ga goro na ciki."

"Direban fa?"

"Yana can gaba a ɗakinsa, an ce ba a zuwa. Na ba wani mai shara goron ya kai masa. Ya yi godiya sosai."

Hafizu ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Clara ta ce jirgi na gaba sai yamma. Batulu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, wanda duk mai zama gidan ya san ma'anarsa.

Suka fito waje. Ga James a inuwa, zaune a ƙofar bas ɗinsa, yana cin gasasshiyar masara.

"Ah, kun iso? Ni tun takwas ina nan. Har na yi barci."

"Baban Khairat," in ji Batulu, "ka ji ko? Tun takwas."

"Tsari na uku!" Bello ya faɗa da ƙarfi don kada ta ci gaba. "Jirgin nan yana tsayawa a Kubwa. Kowa ya shiga mota! James, ka taka!"

Bas mai cin mutum goma sha huɗu ta ci goma sha biyar, ban da James. Ango a kan cinyar abokinsa, Baba Yamusa a gaba yana ba da labarin kirkin Hajiya Babba. Bello ya kira Ɗangoggo.

"Ka saurare ni da kyau. Kuskurenka shi ne aike. Direba ba ya son aike, ido da ido yake so. Da an tsaya a Kubwa, ka sauka da gudu ka je kan jirgin, ka ƙwanƙwasa masa gilashi, ka ce ango na hanya, minti goma kacal."

"Darakta, jirgin nan da tsawo."

"Kai da kake bin bijimi a guje a mayanka?"

Minti goman ta zama arba'in, don sun tarar da cunkoso a Dei-Dei, wata motar katako ta juya a tsakiyar titi. Da suka isa tashar Kubwa ba jirgi, ba ƙurarsa. Sai Ɗangoggo zaune a kan matakalar shiga, babbar riga ta jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu, 'yan acaɓa sun kewaye shi suna masa fifita.

"Na yi gudu, Darakta," ya ce. "Wallahi rabon da in yi irinsa tun ina saurayi. Na wuce tarago huɗu, ina gefen na biyar na ga na huɗun ya zo ya wuce ni da kansa."

"Ina goron?" in ji Batulu.

"Goro ya wuce Kaduna, Hajiya. Kowanne a kujerarsa."

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Wai don Allah wa ya ce masa ya sauka ya tsayar da jirgi?" Mutum goma sha biyar suka juya suka dubi wuri ɗaya. Bello ya duƙufa yana nazarin kwali.

Ba sauran zaɓi sai titi. Aka cusa Ɗangoggo, aka rufe ƙofa da ƙyar. James ya ce motarsa ta saba Lugbe zuwa Area 1, ba ta taɓa zuwa Kaduna ba, kuma ba a shawarce ta ba. Kafin Tafa ta fara tari. Sau uku ana tsayawa a ba ta ruwa. A wani ƙauye bayan Jere ta yi wata ajiyar zuciya, ta fitar da farin hayaƙi, ta tsaya a gaban masu sayar da doya. Ƙarfe ɗaya saura minti goma.

Aka firfito. Masu doya da masu gyaɗa suka taso kallo, don ba kullum ake ganin mutum goma sha shida cikin shadda sun fito daga hayaƙi ba. Bello ya gyara murya.

"Tsari na huɗu..."

Batulu ta zare kwalin daga hammatarsa ta miƙa wa James. James ya shiga yi wa inji fifita da shi.

Hafizu ya fito da waya, ya kira surukinsa, ya buɗe murya kowa ya ji. Daga can ana jin hayaniyar masallaci.

"Saura minti takwas," in ji Alhaji Manniru, ko sallama bai tsaya amsawa ba. "Kuna ina?"

"Baba... muna hanya."

"Na tura mutane Rigasa da mota uku su tarbe ku. Sun dawo mini da goro ƙulli goma sha shida, kowanne da suna. Ga wani a gabana an rubuta Ango. Shi zan ɗaura wa?"

Aka ji dariya ta tashi a masallacin. Ashe ya kara wayar a bakin lasifika.

"Wa ya tsara tafiyar nan?"

Duk aka nuna Bello da yatsa, amma waya ba ta gani. Da ya yi shiru, da wataƙila ya tsira. Sai dai an ce tsari, kuma an tambayi mai shi. Ya karɓi wayar.

"Ranka ya daɗe, Darakta Bello ke magana. Tsarin ba shi da aibu. Minti bakwai ne, har da rara biyu. Abin da ya faru, an samu rasuwa a kan matakala..."

"Wa ya rasu?"

"Wata Hajiya. Shekara uku da suka wuce."

Sai Alhaji Manniru ya yi magana da muryar da yake tsayar da ɗalibi a gaban asambuli.

"Malam Bello, kafin yau, sau nawa ka taɓa shiga jirgin ƙasa?"

"Wato, ranka ya daɗe, a fannin nazari..."

"Lamba nake so."

Bello ya dubi Batulu. Ya dubi masu doya, waɗanda suka matso har suna taka masa riga.

"Babu."

Dariyar da ta fito daga wayar nan sai da ta sa ta rawa a hannunsa. Ta gefen titi kuma ta fi ta. Wata tsohuwa mai gyaɗa ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

"Saura minti huɗu," in ji Alhaji Manniru. "Yaron nan Hafizu ba shi da laifi sai na rashin sa'ar suruki. In wakilinsa na kusa, ya wakilta na'ibin liman a nan, a ɗaura. Amma da sharaɗi ɗaya, kuma a gaban shaidu. Malam Bello, maimaita abin da zan faɗa. Ni Bello."

"Ni Darak..."

"Ni Bello."

"Ni Bello."

"Ranar da za a kawo Rahmatu Abuja, ba ruwana. Ba zan tsara ba, ba zan ba da shawara ba, ba zan tambayi ƙarfe nawa ba."

"Ranka ya daɗe, ko ɗan jadawalin dawowa, na riga na..."

"Minti uku."

Hafizu ya durƙusa a gabansa a kan tsakuwa, da sabuwar shaddarsa. "Yaya, don girman Allah."

Bello ya maimaita, kalma bayan kalma, masallaci guda na ji a Kaduna, kasuwar doya na ji a nan. Baba Yamusa ya karɓi waya zai fara gaisuwa, Batulu ta ce, "Baba, wakilci kawai!" Ya wakilta. Aka yi siga, aka shafa fatiha, ɗaya saura minti ɗaya. Matan tawaga suka rangaɗa guɗa, masu doya suka taya su. Hafizu ya rungume James, ya rungume Ɗangoggo, ya rungume wani mutum da ya tsaya sayen gyaɗa.

Bello ya koma gefe ya tsaya shi kaɗai. Can ya matso kusa da Ɗangoggo, ya rage murya.

"Amma dai ka shaida, goron nan sha biyu da kwata ya isa Rigasa. Daidai yadda na rubuta."

"Na shaida, Darakta," in ji Ɗangoggo, yana ƙoƙarin sa takalminsa. "Duk tawagar nan shi kaɗai ne bai saurare ka ba."